Dokokin Kare Gida Daga Gobarar Daji a Biranen Kaliforniya

A jihar Kaliforniya da ke yammacin Amurka, ruwan sama yakan sauka ne a watannin sanyi, sannan rani ya ja dogon lokaci babu ko yayyafi, ta yadda kafin shekara ta ƙare ciyawa da ƙananan itatuwan da suka lulluɓe tsaunuka sun bushe ƙamas. A daidai wannan lokaci ne iskar da ake kira Santa Ana take tasowa daga hamadar cikin ƙasa ta gangaro bakin tekun kudancin jihar, busasshiya mai ƙarfi kamar iskar hunturu a ƙasar Hausa, sai dai ita sau da yawa da ɗumi take zuwa. Da yake birane irin su Los Anjelis da Oakland sun faɗaɗa har unguwanninsu suka kutsa cikin waɗannan tsaunuka, gobarar daji ta zama matsalar mazauna gari, kuma hukumomi suka ɗora wa kowane mai gida wasu wajibai waɗanda saɓa musu yake jawo tara.

Kusan kowace doka a wannan fanni gobara ce ta haife ta. Gobarar unguwar Bel Air ta 1961, wadda ta cinye gidaje 484 a Los Anjelis, ita ce ta tona asirin rufin katako da masu hali suke sha'awa a wancan zamani, domin ɓallin rufin da ya kama yakan tashi sama ya sauka a kan gidan maƙwabci; daga nan birnin ya tsananta dokar sharar daji a kewayen gidaje, daga bisani kuma ya haramta irin wannan rufi a sababbin gine-gine. Gobarar tsaunukan Oakland ta 1991 ta kashe mutum 25 ta kuma lashe gidaje wajen 3,000, abin da ya sa majalisar jihar ta umarci a zana taswirar yankunan da suka fi haɗari a cikin birane. Wannan taswira ce take tantance wanda dokokin suka hau kansa.

Ginshiƙin dokar shi ne abin da ake kira filin kariya, wato wani fili da ya kewaye gida, wanda ake rage duk abin da wuta za ta iya ci a cikinsa domin ƙarfinta ya karye kafin ta iso bango, kuma 'yan kwana-kwana su sami wurin tsayawa. Da can faɗinsa ƙafa 30 ne, amma tun daga 2005 dokar jihar ta mayar da shi ƙafa 100, kimanin mita 30, ko kuma zuwa iyakar filin mai gidan idan bai kai haka ba. A cikin ƙafa 30 na farko dole ne a kwashe matattun tsirrai da busassun ganye, a share rufi da magudanan ruwan da ke bakinsa, a sare duk reshen da ya kusanci bututun hayaƙi da ƙasa da ƙafa 10, a kuma matsar da tarin itacen wuta nesa. Daga nan zuwa ƙafa 100 ana yanke ciyawa kada tsayinta ya wuce inci 4, ana barin tazara tsakanin bishiyoyi, ana kuma sassabe ƙananan rassa da tsirran da ke ƙarƙashin manyan itatuwa, saboda su ne tsanin da wutar ƙasa take hawa ta kai saman bishiya. Birane suna da ikon ƙarawa a kan wannan, kuma Los Anjelis ta ƙara: a yankunanta mafi haɗari sharar takan kai ƙafa 200, ciyawa kuma ba ta wuce inci 3. Jami'an hukumar kashe gobara suna zagayawa kowace shekara, wanda aka samu da sakaci a ba shi wa'adi, idan ya ƙi gyarawa birnin ya ɗauki ɗan kwangila ya yi aikin sannan a ɗora masa kuɗin tare da tara.

Sai dai binciken masana ya nuna cewa abin da ya fi ƙona gidaje ba shi ne harshen wutar da ake hangowa a kan tsauni ba. Jack Cohen, wani masani a hukumar gandun daji ta Amurka, ya lura cewa sau da yawa akan tarar da gida ya zama toka alhali bishiyoyin da ke gefensa suna nan kore shar, abin da ke nuna cewa babbar wutar ba ta ma iso wurin ba. A gwaje-gwajen da aka yi a arewacin Kanada a ƙarshen shekarun 1990, an kafa bangayen katako a gaban dajin da aka cinna wa wuta da gangan, kuma waɗanda suke nisan mita 20 da mita 30 ba su kama ba. Garwashi ne yake yin ɓarnar. Iska takan kwashi gutsuren ɓawon itace da rassa masu ci da wuta ta kai su nisan fiye da kilomita ɗaya, ta zubar da su a kan unguwa dubbai a lokaci guda, kuma inda iska ta saba tara busasshen ganye nan take tara garwashin: lungun da bango ya haɗu da ƙasa, ƙarƙashin dandamalin katako, cikin magudanar rufi, kan tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa. Wani kuma yakan shige ta kafar iskar da ke ƙarƙashin rufi ya faɗa kan kwalaye da tsofaffin kaya, gidan ya kama daga ciki bayan mutanensa sun riga sun gudu.

Wannan fahimta ce ta juyo da hankalin doka daga daji zuwa jikin gidan kansa. Tun daga 2008, ka'idar gini ta jihar ta wajabta wa sababbin gidaje a yankunan haɗari rufi mai jure wuta, da bango da dandamali na kayan da ba sa saurin kamawa, da tagogi masu gilashi ninki biyu wanda aƙalla ɗaya an ƙarfafa shi don kada zafi ya fasa shi, da kafofin iska da aka toshe da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu. Gobarar da ta shafe garin Paradise a Nuwamba 2018, inda mutum 85 suka rasu kuma gine-gine fiye da 18,000 suka ƙone, ta zama gwaji mai ɗaci ga wannan ka'ida: wani nazari da 'yan jarida suka yi ya gano cewa kusan rabin gidajen da aka gina bayan 2008 sun tsira, yayin da a cikin tsofaffin bai kai ɗaya cikin biyar ba.

Abin takaici shi ne yankin da ya fi muhimmanci shi ne wanda doka ta fi jinkiri a kansa. A 2020 majalisar jihar ta amince a ware ƙafa 5 na farko daga bango, kimanin mita ɗaya da rabi, a matsayin wurin da ba za a bar komai mai kamawa ba, abin da a aikace yake nufin a shimfiɗa tsakuwa ko siminti a maimakon ɓawon itacen da ake zubawa a gindin furanni, a kuma sauya shingen katakon da ya manne da gida da na ƙarfe. Rubuta ƙa'idojin aiwatarwa ya yi ta jan ƙafa saboda ƙorafin tsada da kuma ƙin rabuwa da furanni da inuwar da ke jikin gida, har gobarar Palisades da ta Eaton suka tashi ranar 7 ga Janairu 2025 suka ƙone gine-gine fiye da 16,000 a yankin Los Anjelis. Sai bayan haka Gwamna Gavin Newsom ya ba da umarnin a gaggauta kammala su. Ƙorafin masu gidaje yana da tushe, domin inuwa a gari mai zafi ba ƙaramin abu ba ce, amma kwashe ɓawon itace daga gindin bango ya fi kusan kowane gyara araha.

Kuɗi ma yana yin nasa matsin. Tun daga Yuli 2021, mai sayar da gida a yankin haɗari sai ya nuna shaidar bin dokar filin kariya, kuma a 2023 kamfanin State Farm, mafi girma a inshorar gidaje a jihar, ya daina karɓar sababbin masu neman inshorar gida a Kaliforniya, lamarin da ya sa gyaran gida ya zama hanyar neman rangwame ko ma samun inshorar kanta.

Babban giɓin da ya rage yana cikin tsofaffin unguwanni. Ka'idar 2008 ba ta komawa kan gidajen da aka riga aka gina, waɗanda su ne mafi yawa, kuma inda gidaje suke kusa da juna filin mutum yakan ƙare tun bai kai ƙafa 30 ba, ta yadda rumfar maƙwabci ko shingensa ne abin da zai kunna masa wuta. A garin Altadena, yawancin gidajen da gobarar Eaton ta cinye suna wajen yankin da taswirar lokacin ta kira mafi haɗari, domin da wutar ta shiga gari gidajen kansu ne suka zama makamashinta, wannan yana kunna wancan. Sauya rufi da tagogi kuwa yakan ci dubban daloli, nauyin da tsofaffi masu rayuwa da fansho ba sa iya ɗauka, kuma shirin tallafin gyaran gidaje da jihar ta kafa a dokar 2019 ya soma ne a 'yan gundumomi ƙalilan.