Wa Ya Kai Tuwon Shinkafa Bakin Tekun Birazil?

A Salvador, babban birnin jihar Bahiya da ke bakin teku a ƙasar Birazil, akwai wani abinci da ake kira arroz de hauçá, wato shinkafar Hausawa. Manuel Querino, marubuci baƙar fata ɗan jihar, ya bayyana yadda ake yin sa a littafinsa na girke-girke da aka buga a 1928: a dafa shinkafa a ruwa ba gishiri, a yi ta tuƙawa har ta haɗe jikinta, a ɗaure ta da ɗan garin shinkafa, sannan a soya busasshen nama a zuba a kai da miya mai yaji. Duk macen da ta taɓa riƙe muciya a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ta san wannan aiki. Tuwon shinkafa ne.

To, wa ya kai shi can? Fataken Hausa sun yi nisa, sun ci kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, sun ratsa Sahara har Tarabulus, mahajjata sun taka da ƙafa har bakin Bahar Maliya. Amma babu ayarin da ya taɓa ɗaure kaya ya ce zai tsallaka Tekun Atilantika fatauci.

Bakin zaren yana cikin takardun 'yan sandan birnin Salvador. A daren 24 wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, 'yan Afirka kimanin 600, bayi da 'yantattu, yawancinsu sanye da fararen riguna, suka fito titunan Salvador da takubba. Kafin gari ya waye sojojin doki sun murƙushe su a unguwar Água de Meninos, an kashe fiye da 70. Da aka caje gawarwaki da ɗakunan waɗanda aka kama, sai ga layu, ga alluna, ga takardu cike da rubutun da babu jami'i ko ɗaya da zai iya karantawa. Hukuma ta rasa yadda za ta yi, sai ta nemo wani bawa Bahaushe da ake kira Albino ya karanta mata. Mafi yawan takardun ayoyin Alƙur'ani ne da addu'o'in tsari. Cikin malaman da aka tuhuma akwai wani Bahaushe 'yantacce, Dandará, mai shagon taba, wanda yake karantar da almajirai.

Ke nan akwai Hausawa a birnin, har da masu ilimi. Sai dai boren 1835 ba nasu ba ne, Yarbawa Musulmi ne suka ja ragamarsa, Hausawan cikinsa 'yan tsiraru ne. Wannan ya sa dole a ja da baya a nemi lokacin da sunan Hausa yake cika bakin gari.

Ana samun sa a watan Mayun 1807. Wani bawa ya tsegunta wa gwamnan Bahiya, Conde da Ponte, cewa Hausawa sun shirya tashi ranar wani bikin coci, sun naɗa shugaba a kowace unguwa. Da aka kai samame sai aka tarar da kibau ɗaruruwa, da itacen baka, da ganga, da layu. Aka hukunta jagorori biyu. A Janairun 1809 wasu da suka gudu daga hannun iyayengijinsu suka auka wa garin Nazaré. Mafi tsanani shi ne na 28 ga Fabrairun 1814, lokacin da fiye da mutum 200 suka ƙone rumfunan masunta a gaɓar teku, suka shiga ƙauyen Itapuã, kafin sojoji su tare su a bakin kogin Joanes. Takardun shari'ar sun kira jagoransu João, suka liƙa masa laƙabin “malomi”. Malam ne ya ja su.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, Salvador tsohon birni ne. An kafa shi a 1549, shi ne fadar mulkin Birazil har 1763, kuma tun farkonsa jiragen bayi suke sauke mutane a tasharsa. Amma a duk tsawon waɗannan ƙarnoni da wuya ka ci karo da sunan Hausa a takardunsa. Sai farat ɗaya, a farkon ƙarni na 19, suka yi yawan da har gwamna ba ya barci saboda su. Wani abu ya faru a gida.

Duk ɗan makarantar da ya yi tarihi zai gane shekarun. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, Alƙalawa a 1808. Mu nan Katsinar Laka ba a nesa muka ji labari ba. Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara, da ya shiga ƙasar Tsafe yana dab da 'Yandoto, tsohon garin malamai na kudancin ƙasar Katsina, wanda malamansa suka ƙi bin jihadin har Muhammadu Bello ya ci shi da yaƙi. Bayan Katsinawan da aka kora sun kafa Maraɗi kuma, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari. A irin wannan yaƙi kowane ɓangare yana kama mutane, kuma a kowane ɓangare akwai masu salla da masu allo. Shehu da Bello sun yi Allah wadai da bautar da Musulmi ɗa, Bello ma ya tattauna da wani Bature matafiyi, Clapperton, kan batun hana sayar da bayi ga Turawa a Sakkwato a 1824. Amma ganima idan ta shiga kasuwa, dillali ba ya tambayar fatawa. A ganina nan ne tarihin da muke koyarwa yake da giɓi: muna bin masu tuta har su kafa masarautu, ba ma bin wanda aka ɗaure ranar da aka ci garinsu mu ga inda ya ƙare.

Inda ya ƙare kuwa kudu ne. Daga hannu zuwa hannu ake wucewa da shi ta ƙasar Nufe, a haye Kwara, a ratsa ƙasar Oyo, har Ikko ko Badagiri ko Porto-Novo ko Wida. Saura tambaya ɗaya: me ya sa Bahiya, ba wani wuri ba? Amsar taba ce. Manoman Bahiya suna da wata taba mai ƙarancin daraja da ba a karɓar ta a Lisbon, babban birnin Fotugal, sai su shafe ta da ruwan rake don kada ta bushe. Wannan zaƙin ya sa ta zama abin so a waɗannan tashoshi, har 'yan kasuwar Bahiya suka fi kowa faɗa a ji a wurin. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, amma jiragen Bahiya ba su daina zirga-zirga ba sai da Birazil ta rufe ƙofar a 1850.

Akwai shaidu daga bakin mutanen da kansu. Wani ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa yana yi musu tambayoyi, ya buga abin da suka faɗa a 1851. Shi tatsuniyar mutane masu wutsiya yake nema a tsakiyar Afirka, su kuwa suka ba shi labarin Kano da Katsina da Zazzau, da yaƙoƙin da aka kama su a ciki, da zangunan da aka bi da su har teku. Da yawansu mayaƙa ne, abin da ya bayyana kibau da gangar da aka samu a 1807.

Yadda sunansu ya manne wa abinci yana da alaƙa da tsarin birnin. Salvador hawa biyu ne, tashar jiragen ruwa a ƙasa, gidajen masu mulki a kan tudu. Bayi da yawa ba a gona suke ba, a titi suke: dako, ɗaukar masu kuɗi a kujera, talla. Bawa zai fita ya nemo, ya biya ubangijinsa abin da aka yanka masa, ragowar ya ci da ita ko ya tara ya fanshi kansa. 'Yan dako suna da matattara a kusurwoyin tituna, kowace ƙabila da tata, kuma a irin wuraren nan masu abinci suke kafa tukwanensu. Abincin da aka san wasu mutane da shi sai ya ɗauki sunansu.

Harshen kuwa bai daɗe ba, saboda kusan duk waɗanda aka tsallakar maza ne. Mata an fi riƙe su a gida ko a sayar da su arewa. Namijin da ba shi da matar da zai yi Hausa da ita a ɗaki, 'ya'yansa ba za su tashi da ita ba. Bayan 1835 kuma takarda mai rubutun Larabci kaɗai ta isa ta jawo wa mutum bulala ko kora, makarantun allo suka watse. Lokacin da likita Nina Rodrigues, wanda ya rasu a 1906, ya bi unguwanni yana neman ragowar 'yan Afirka, tsofaffin Hausawa kaɗan ya tarar, ya rubuta wasu kalmomi daga bakinsu.

Wasu sun komo. Cikin 'yantattun da aka kora da waɗanda suka biya kuɗin jirgi da kansu, wata tawaga ta sauka Akra a 1836, zuriyarsu su ne ake kira Tabom. Wasu suka zauna Wida da Porto-Novo, wasu Ikko, inda suka kafa unguwarsu suka shahara da gini. Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a tsibirin Ikko a 1894, wani magini daga cikinsu, João Baptista da Costa, shi ya jagoranci aikinsa.