Ɗakin karatu na makaranta: yadda yake taimaka wa ɗalibai su ci jarrabawa

Duk shekara idan sakamakon BEPC da na Bac ya fito, iyaye kan ɗora laifin faɗuwa a kan yajin aikin malamai, ko cunkoson yara a aji, ko wayar salula. Ba kasafai ake ambaton ɗakin karatu ba, wato wurin da makaranta take ajiye littattafai domin ɗalibai su karanta ko su ara. A Amurka kuwa an shafe sama da shekaru 30 ana auna tasirinsa a kan sakamakon jarrabawa.

Amurka ba ta da tsarin karatu guda na ƙasa kamar yadda ma'aikatar ilimi take tsara shi daga Yamai. Kowace jiha daga cikin jihohi 50 ita take rubuta abin da ya wajaba yaro ya iya a kowane aji. Wata doka da shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Janairun 2002 ta tilasta wa jihohi su riƙa yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji na 3 zuwa na 8. A 2010 kuma jihohi sama da 40 suka rungumi ma'auni iri ɗaya mai suna Common Core, wanda yake neman ɗalibi ya karanta rubutun kimiyya ko na tarihi, ya fahimce shi, ya kuma ciro hujja daga cikinsa. Littafin aji guda ɗaya ba ya isar wannan aiki, shi ya sa aka waiwayi ɗakin karatu.

Binciken da ya fi shahara shi ne na Keith Curry Lance da abokan aikinsa a jihar Kolorado, wanda ya fito a 1993. Sun kwatanta makarantun gwamnati fiye da 200, suka tarar cewa waɗanda suke da ma'aikata da littattafai isassu a ɗakin karatu sun fi samun maki a jarrabawar karatu, ko bayan an yi la'akari da talaucin iyayen yaran. A 2000 suka sake binciken, suka gano makin yana ƙaruwa inda mai kula da ɗakin yake zama da malamai suna tsara darussa tare. An kuma yi irin wannan aiki a jihohi sama da 20, ciki har da Alaska da Fensilbaniya, sakamakon kuma ya yi kama da juna. Masu suka suna tunatar da cewa makarantar da take da ɗakin karatu mai kyau sau da yawa tana da shugabanci mai kyau, don haka ba za a jingina duka nasarar ga littattafai ba. Duk da haka, dokar ilimi da shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2015 ta ambaci ɗakunan karatu cikin abubuwan da za a iya kashe wa kuɗin gwamnatin tarayya.

Ta yaya abin yake aiki? Mai kula da ɗakin yana riƙe da tsarin karatun kowane aji, shi yake dubawa kafin ya sayi littafi. Idan malamin kimiyya zai shiga darasin kewayar jini mako mai zuwa, yakan ware littattafai masu sauƙi da masu zurfi a kan batun, domin yaro mai rauni da mai ƙoƙari kowa ya samu daidai shi. Yana koya wa ɗalibai neman kalma a ƙamus, da taƙaita shafi, da rarrabe sahihin bayani da jita-jita a intanet. Sannan yana ba da aron littattafan labari. Yaron da ya saba karatu yana tara kalmomi, yana kuma saurin gane abin da tambaya take nufi, ko da ta lissafi ce. Faransa ma ta ɗauki aikin a matsayin koyarwa: kwalejoji da lise suna da ɗakin da ake kira CDI, kuma tun 1989 akwai jarrabawar ɗaukar malamai ta musamman ga masu riƙe shi.

A Nijar matsalar karatu tana farawa tun daga firamare. Binciken PASEC na 2014 ya nuna ƙasa da yaro ɗaya cikin goma ne ya kai matakin da ake buƙata a karatu a ƙarshen firamare. A na 2019 adadin ya ɗaga zuwa kimanin uku cikin goma. Yaron da yake jin Hausa ko Zabarmanci a gida, kuma ba ya ganin Faransanci sai a allo, yana iya haddace darasi tsaf amma ya rikice idan aka juya tambaya ranar jarrabawa.

Darasin Kolorado bai buƙaci a jira babban gini ba. Littattafan da aka kawo kyauta aka kulle a ofishin darakta don tsoron kada su ɓata ba sa ƙara wa kowa maki. Akwati ɗaya mai ɗauke da ƙamus, da tarin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da littattafan labari cikin Faransanci da harsunan gida, zai yi amfani idan aka ɗora wa wani malami alhakinsa, aka ware masa awa a mako, aka kuma buɗe rajistar aro. Kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, da ƙungiyar iyayen yara suna iya sanya wannan cikin shirin aikinsu tun daga komawa makaranta a watan Oktoba, su kuma tambayi darakta a ƙarshen kowane zango littattafai nawa ne yara suka ara.