René Magritte da Lofen da Ba Lofe Ba

An haifi René Magritte a garin Lessines na ƙasar Beljiyam a 1898, ya rasu a birnin Brussels a 1967. Yana ɗan shekara 13 mahaifiyarsa ta faɗa kogin Sambre ta mutu. Ya koyi zane a Brussels, sannan ya yi ta zana tallace-tallace domin samun abin sawa a baka. A 1927 ya koma Paris, inda ya shiga cikin ƴan suriyalizim, wato masu fasahar da André Breton ya jagoranta tun 1924, waɗanda suka ɗauki mafarki a matsayin tushen aikinsu. Bayan shekara uku ya komo gida.

Abin da ya sa ɗalibin harshe zai kula da Magritte shi ne wani zane da ya yi a 1929 mai suna La Trahison des images, wato yaudarar hotuna. Ya zana lofen shan taba tsaf, sannan ya rubuta a ƙarƙashinsa da Faransanci cewa wannan ba lofe ba ne. Mai kallo zai ce ƙarya ya yi. Amma fa ba a iya dura wa wannan lofe taba, balle a kunna shi. Ashe hoton lofe ne, ba lofen ba. Zanen yana Los Angeles a ƙasar Amurka.

A 1930 ya ƙara gaba. A cikin La Clef des songes, wato mabuɗin mafarkai, ya zana takalmi ya rubuta masa "wata", ya zana guduma ya rubuta mata "hamada". Tambayar da ya ɗora mana ita ce: me ya ɗaure suna da abin da ake kira da shi?

Wannan ita ce maganar da Ferdinand de Saussure ya yi a ilimin harsuna, cewa babu wata dangantaka ta halitta tsakanin kalma da ma'anarta, sai dai yarjejeniyar masu harshe. Dabbar da Bahaushe ke kira doki, Bazabarme bari yake ce mata, Bafaranshe kuma cheval. Dabbar ɗaya ce, kuma babu sunan da ya fi wani kama da ita.

Don haka mai fassara ya yi hattara. In ya riƙe kalma ya saki abin da take nufi, to ya ɗauki hoton lofe ne zai kunna.