Sirancin Mariƙin Ƙaramar Bindiga: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa

Mariƙi shi ne ɓangaren ƙaramar bindiga da hannu ke damƙa, kuma kaurinsa ne ke nuna ko yatsan manuni zai kai ga kunama ba tare da hannu ya karkace ba. Idan mariƙi ya fi ƙarfin tafin hannu, sai mai harbi ya murɗa hannunsa gefe don yatsa ya kai. Daga nan bindiga ta daina zama a saitin damtse, bugun da take yi baya lokacin harbi ya sauka a gindin babban yatsa, harsashi kuma ya kauce. Manomi ya san wannan a ƙotar fartanya: wadda ba ta cika hannu daidai ba, kanta take jawowa kafin azahar.

Maganar rage kaurin mariƙi ta fi ƙarfi a Amurka, inda doka ta ba farar hula damar ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye cikin sutura. Jihar Fulorida ta sassauta ba da lasisin hakan a 1987, jihohi da dama suka bi sahu, Ilinoi ta zama ta ƙarshe da ta halatta ɗaukar bindiga a ɓoye a 2013. A 2022 kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa riƙe bindiga a bainar jama'a don kare kai haƙƙi ne da tsarin mulki ya tanada. Mai ɗaukar bindiga a ƙugu daga safe zuwa dare yana da damuwar da soja ba shi da ita. Bakin bindigar yana nutsewa cikin wando, ba ya ba da wahala. Mariƙin ne ke leƙowa sama da bel, ya tokare riga, ya fitar da siffarsa duk sa'ad da mutum ya sunkuya ko ya zauna a mota.

Asalin kaurin yana cikin gidan harsashi, domin a cikin mariƙi yake zama. Bindigar M1911 da John Browning ya ƙera, wadda sojan Amurka suka ɗauka a 1911, tana jera harsasai bakwai a layi ɗaya, ɗaya bisa ɗaya, shi ya sa take da siranci duk da girman harsashinta. Browning Hi-Power da kamfanin FN na Beljiyam ya fitar a 1935 ta jera 13 a layi biyu masu sarƙe da juna. Beretta M9 da ta gaji M1911 a 1985 tana cin 15, Glock 17 ta Ostiriya kuma 17. Yawan harsashi ya ƙaru, mariƙi ya kumbura, masu ƙananan hannu suka fara kuka, musamman da mata suka yawaita a aikin soja da na 'yan sanda.

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne na bindigogi masu gangar jiki ta ƙarfe, irin M1911. A nan mariƙin marfi biyu ne, dama da hagu, kowanne an ɗaure shi da sukuru biyu. Kaurin kowane marfi na asali kusan kwatan inci ne, ana kuma sayar da sirara na katakon goro na Turai, na alminiyam, ko na wani haɗin zaren gilashi da gam da ake kira G10. Akwai tarko ƙarami a wannan aiki. Sukurorin ba sa shiga jikin bindiga kai tsaye, suna shiga wasu 'yan mazaunai ne masu zare da aka dasa a ƙarfen. Siririn marfi yana buƙatar gajerun mazaunai da gajerun sukurori. Wanda ya bar dogayen, ko dai marfin ya riƙa girgiɗi, ko sukuru ya leƙa ciki ya tare gidan harsashi ya hana shi fita. Cire tsofaffin mazaunan da ƙarfin tsiya kuma yana cinye zaren jikin bindigar, gyaran da sai maƙerin bindiga. Duk da haka, alherin wannan hanya a fili yake: in sabon marfi bai yi ba, a mai da tsohon.

Bindigogin roba irin Glock labarinsu daban ne, don mariƙin da gangar jikin abu ɗaya ne da aka zuba a mazubi. Babu marfin da za a kwance, sai dai a ci jikin. Maƙera sukan cika ramin da ke bayan mariƙin da gam mai sandarewa, su goge tozon da ke cika tafin hannu, su shafe ramukan yatsu, su ɗan rarake ƙarƙashin zoben da ya kewaye kunama don yatsan tsakiya ya hau sama. Goga tana barin roba da santsi, don haka sai a bi ta da ƙarfe mai zafi ana ɗiɗɗiga mata ƙananan ramuka har ta yi kaushi. Wannan aiki ba ya komawa baya. Abin da aka goge ya tafi ke nan, garantin kamfani ya faɗi, darajar bindigar a kasuwa ta ragu. Idan aka zarce, bangon da ke riƙe gidan harsashi yana yin laushi ko ya tsage. Kuma gangar jikin ce ke ɗauke da lambar rajista a Glock, saboda haka wanda ya lalata ta, a idon doka sabuwar bindiga zai saya.

Siranci ma ba kyauta ba ne. Faffaɗan mariƙi yana raba bugun harbi a faɗin tafin hannu, siriri kuwa yana tattara shi a wuri guda, hannu ya gaji da wuri. Mai dogayen yatsu zai iya tarar da yatsansa ya wuce kunama fiye da kima. Gajarta tsawon mariƙi, wadda ita ce ta fi taimakawa wajen ɓoyewa, tana barin ɗan yatsan ƙarshe yana reto babu mazauni. Hatta abin da aka yi marfin da shi yana da ruwa a ciki: roba mai danƙo tana da daɗin riƙo amma tana kama riga ta ɗage ta, kaushi mai yawa kuma yana kankare fatar ƙugu.

Kamfanoni sun daɗe da shigowa cikin lamarin. Walther P99 ta 1997 ta zo da bayan mariƙi da ake cirewa a sa wani gwargwadon hannu, Glock ta bi wannan hanya a 2010. Smith & Wesson ta fitar da Shield a 2012, mai faɗin da bai kai inci ɗaya ba. A 2017 sojan Amurka suka zaɓi SIG P320, wadda kayan cikinta ne ke ɗauke da lambar rajista, ana musanya mata mariƙi ƙarami, matsakaici ko babba. A 2018 SIG P365 ta cusa harsasai 10 cikin faɗin kusan inci ɗaya. Da irin waɗannan a kanti, goge jikin bindigar roba ya zama zaɓi na ƙarshe, ba na farko ba.

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan dokar Amurka. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi, wato fistol da ribolba, cikin jerin makaman da aka haramta, kuma babu mai mallakarsu bisa ƙa'ida sai da lasisin Shugaban Ƙasa.