Saniyar Waƙafi da Rumbun Harawa

Masu ba da gudummawa sukan tambaye mu dalilin da ya sa muke ware kuɗin abinci tare da kowace saniyar tatsa da muke danƙa wa iyayen marayu a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

A da, makiyayi kan kora shanu daji su ƙoshi. Yau satar shanu da rashin tsaro a dazukan yankin sun tilasta a ɗaure dabba a gida, duk abin da za ta ci sai an kawo mata. Daga Maris zuwa Mayu ciyawa takan ƙare, karan dawa zalla kuwa yana cika ciki ne kawai. Nono yana son abinci mai gina jiki: harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, da angurya, wadda noman auduga a ƙasar Funtuwa ya sauƙaƙa samunta. A haɗa da kanwa da wadataccen ruwa, domin kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne.

Harawa tana araha da kaka, ta yi tsada da bazara. Saboda haka muke roƙon kwamitocin masallatai su saye ta a Nuwamba, su adana a inuwa, nesa da raɓa da gara, don kada ganyen ya kakkaɓe.

Waƙafi ana tsare asalinsa ne, a ci amfaninsa. Saniyar da yunwa ta rame nononta zai ƙafe, daga nan sai a sayar da ita, sadakar mai gudana ta yanke.