Gidan Kwantena: A Yi Lissafi Kafin A Kira Mai Walda

Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin shagon kwantena da tsakar rana a watan Maris ya san zafin da nake nufi. Ni kam na taɓa jiran wani tela a irin wannan shago, kafin ya kafa mini maɓalli uku rigar jikina ta jiƙe sharkaf. Saboda haka, sa'ad da wani maƙwabcina mai 'ya'ya huɗu, wanda kuɗin haya ya isa, ya gaya mini zai kwashi abin da ya tara ya sayi kwantena biyu ya ajiye a filinsa su koma ciki, ban yi masa dariya ba, ban kuwa ce ya je ya saya ba. Na ce mu zauna mu yi lissafi tukuna. Abin da muka tattauna shi ne na kawo muku yau, 'yan'uwa masu karatu.

Labarin da ya ji gaskiya ne, ana zama cikinsu. Asali dai domin kaya aka ƙera su. Wani Ba'amurke mai motocin sufuri, Malcom McLean, shi ne a watan Afrilu na 1956 ya loda akwatuna 58 cikin jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, daga nan kuwa abin ya game duniya. Yawancinsu a ƙasar Sin ake ƙera su, kuma sau da yawa mayar da su wofi ya fi sayar da su tsada, shi ya sa tsofaffi ke taruwa a ƙasashen da ke shigo da kaya, irin tamu. A shekarar 2001 aka haɗa wani gini da su a bakin ruwa a Landan, a 2006 kuma aka kammala ɗakunan ɗalibai 1,000 a birnin Amsterdam na ƙasar Holan.

To, amma ɗakin ɗalibi daban, gidan mai iyali daban. Kwantena iri biyu ce ta fi yawa, mai tsawon ƙafa 20 da mai ƙafa 40, kowace kuwa faɗinta ƙafa 8 ne daga waje. Daga ciki bai kai haka ba, in kuma aka lulluɓe bangon da abin tare zafi sai ya ƙara raguwa. Watau in ka shigar da gado mai ƙafa 6 a kan 6, hanyar da za ta rage a gefensa ba ta wuce ƙafa ɗaya da 'yan kai ba. Tsayinta ƙafa 8 da rabi ne, akwai kuma mai ƙafa 9 da rabi, wadda ita ce ta dace da gida, domin bayan an sa silin fanka ba za ta sari kan mutum ba.

Babban abokin gaba shi ne rana. Ƙarfe yana shan zafi nan da nan, ya kuma saki sanyi nan da nan, ga shi da damina yakan yi gumi daga ciki har kaya su yi fumfuna. A nan ne wani gida na ƙasar Kosta Rika, a tsakiyar nahiyar Amurka, ya ba ni sha'awa. Wasu ma'aurata ne ke da fili a bayan birnin San José, suna son su zauna kusa da dawakinsu ba tare da sun ɗaura wa kansu bashi ba. A 2011 wani mai zanen gine-gine, Benjamin Garcia Saxe, ya yi musu gida da tsofaffin kwantena biyu masu ƙafa 40, a kan dala 40,000. Bai manna su da juna ba. Ya ɗora su bisa ginshiƙan kankare, ya bar rata a tsakaninsu, ya yanke bangayen da ke fuskantar juna domin wurin ya buɗe, sa'an nan ya ɗauki ƙarfen da ya yanke ya rufe ratar da shi, ya ɗaga wannan rufi sama da sauran, ya jera tagogi a ƙarƙashinsa. Iska mai zafi takan tashi ta fice ta tagogin sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Da dabara ɗaya ya magance ƙunci, ya magance zafi, bai kuma zubar da ƙarfe ba.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. San José a kan tudu take, yanayinta ya fi kama da na Jos. Mutumin Sakkwato ko Yola ko Maiduguri dole ya ƙara da rufi na biyu, watau rumfar kwano a saman kwantenar, da rata tsakaninsu yadda iska za ta ratsa, bakin rumfar kuma ya zarce ya yi wa bango inuwa. A shafa wa waje farin fenti, dogon gefen ya fuskanci kudu da arewa domin kada ranar yamma ta gasa shi, a kuma cusa abin tare zafi tsakanin ƙarfe da allon bango na ciki. In ba a yi waɗannan ba, tanda aka saya.

Akwai kuma abin da mai sayarwa ba lalle ya gaya maka ba. Ƙarfin kwantena a kusurwoyinta huɗu yake, bangon mai tudu da kwari kuwa yana taimakon riƙe rufin. Duk inda aka yanka taga ko ƙofa sai mai walda ya kewaye wurin da ƙarfe mai kauri, in ba haka ba rufin zai lotsa. Katakon daɓenta kuma yawanci an jiƙa shi da maganin ƙwari, kuma ba ka san irin kayan da ta ɗauka ba a shekarunta na yawo. Gidan da jariri zai yi rarrafe, a cire katakon nan, ko a rufe shi sarai a shimfiɗa tayil. Wutar lantarki kuwa, a nemi gwani, kowace waya ta bi cikin bututun roba, a kuma haɗa jikin ginin da sandar da aka binne a ƙasa, domin gida ne na ƙarfe gaba ɗayansa.

Wajen ado, uwargida ce za ta yi haƙuri. Manyan kujerun falo da doguwar kabad ta jere ba su da wuri a nan. Abin da ke aiki shi ne kanta a jikin bango, gado mai hawa biyu domin yara, benci mai ma'aji a ƙarƙashi, da ƙofa mai turawa gefe ko labule. Fenti mai haske yana sa ɗaki ya yi kamar ya faɗaɗa. Tun kafin a rufe bangon ciki a shirya inda za a rataye agogo, kalanda da hotuna, a sa katako a bayan wurin, gama huda ƙarfen waje da ƙusa gayyatar yoyo da tsatsa ne. A ganina, madafa da makewayi a yi su da bulo a waje. Mu dama rabin zamanmu a tsakar gida muke yi, kuma kwantena biyu da aka ajiye suna fuskantar juna, da rumfa a tsakani, sun ba da tsakar gida ke nan.

Da muka zo lissafi, na sa maƙwabcin nawa ya rubuta komai a takarda: kuɗin kwantenar, tirelar da za ta kawo ta, motar da za ta sauke ta (babbar ta kusa tan 4 ko da wofi ce), ginshiƙai, walda, tagogi, rumfa, abin tare zafi, daɓe, da takardar izinin gini daga hukumar tsara gari, wadda ya kamata a fara nema kafin a biya ko kwabo. Muka kuma je muka duba lungun da ke shiga filin nasa, muka tarar tirela ba za ta iya karya kwana a wurin ba sai an roƙi wani ya bari a bi ta gonarsa bayan girbi.

Yanzu dai ya kai takardar wurin wani magini domin ya fitar masa da kuɗin ɗaki biyu da falo na bulo a gefe guda, na jan bulon ƙasa a ɗaya gefen, ya gwada su da na kwantenar. Matarsa kuwa ta ce ko wanne aka zaɓa, a fara dasa mangwaro biyu ta yamma kafin ruwan bana ya ɗauke.