Shekara 35 Babu Goyo: Shin Lokaci Ya Ƙure Ne?

 A wannan karo za mu tattauna ne a kan wata tambaya da ke hana mata da yawa barci, amma ba kowace ke iya furta ta a gaban mutane ba. Shin macen da ta kai shekara 34, 35 ko 36 ba ta taɓa haihuwa ba, lokaci ya ƙure mata ke nan?

Wataƙila ke ce Allah bai kawo miki miji ba sai yanzu, bayan karatu da aiki. Wataƙila aurenki na fari ne ya mutu babu rabo, ga shi kin sake sabon ɗaki. Ko kuwa kin shekara goma a gidan miji shiru, kin fara cewa a ranki gara ki haƙura. In ma ba ke ba ce, da wuya a ce ba ki da ƙanwa, ko 'ya, ko aminiya da ke cikin wannan hali.

Ba abin mamaki ba ne idan abin ya yi miki nauyi. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa rabin matan Arewa maso Yamma sun yi auren fari ne tun suna da kusan shekara 16. Wato a lokacin da kike tunanin cikin fari, wasu sa'o'inki sun fara aurar da 'ya'ya. To amma ki duba unguwarku da kyau. Mata nawa kika sani da suka haifi auta suna da shekara 40 ko fiye, har uwa da 'yarta suka yi goyo tare? Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa mahaifa ba ta rufewa a shekara 35.

Abin da likitoci suka gano

Ana haihuwar 'ya mace ne da dukkan ƙwayayen haihuwar da za ta mallaka a rayuwarta, kimanin miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, a shekara 37 kuma saura kamar 25,000. Haka za su yi ta raguwa har al'ada ta ɗauke, wanda yawanci yakan faru tsakanin shekara 45 zuwa 55. Ba yawan ne kaɗai ke raguwa ba, har da ingancin ƙwan. Raguwar a hankali take tafiya a farkon shekarun talatin, sai bayan 37 take ƙara sauri.

A ƙididdigar ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, mace mai lafiya 'yar shekara ashirin da wani abu tana da damar ɗaukar ciki kusan 1 cikin 4 a kowane wata, mai shekara 40 kuwa kusan 1 cikin 10. Mai 35 tana tsakiya. Wani bincike da aka wallafa a 2004, wanda aka yi a kan ma'aurata 782 a ƙasashen Turai, ya ƙiyasta cewa idan ana saduwa sau biyu a mako, mata 82 cikin 100 masu shekara 35 zuwa 39 za su samu ciki a cikin shekara guda. Ga masu shekara 27 zuwa 34 adadin 86 ne. Kin ga ashe tazarar ba ta kai yadda ake tsorata mu ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma ba za mu ɓoye miki ba. Ciki a wannan shekaru yana son kulawa fiye da na yarinya. Ɓari yana ƙaruwa: kusan ciki 1 cikin 5 a shekara 35, kusan 1 cikin 3 a shekara 40. Hawan jini da ciwon suga na masu ciki sun fi yawa, haka ma jijjiga da haihuwa ta hanyar tiyata. Larurar nan da likitoci ke kira Down, wadda ke sa yaro jinkirin girma da na fahimta, takan samu jariri kusan 1 cikin 350 idan uwar tana da shekara 35, kusan 1 cikin 100 idan tana da 40. Ki juya lissafin ki gani: a shekara 35, jarirai 349 cikin 350 ba su da ita. Wani abin kuma, samun tagwaye ya fi yawa a wannan shekaru.

Saboda haka amsar a taƙaice ita ce, ba ki makara ba, amma kuma ba ki da shekarun da za ki ɓarnatar wajen jira.

In kin yanke shawarar nema

Bahaushe ya ce mai nema yana tare da samu. Abu na farko, ki je asibiti tun kafin cikin ya shiga. A auna jininki, a duba suga da yawan jini, a yi hoton mahaifa don a ga ko akwai ƙari, domin ƙarin mahaifa ya fi yawa ga mata baƙar fata, kuma a irin wannan shekaru ya fi bayyana. Idan aure za ki yi, kada ku tsallake gwajin rukunin jini saboda sikila. Jihar Kano ma ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a shekarar 2024. Ki fara shan ƙwayar folik asid, maikrogiram 400 a kullum, aƙalla wata guda kafin ɗaukar ciki, don tana kare jariri daga tawayar laka da ƙwaƙwalwa. Ƙwaya ce mai araha, ita ce 'yar ƙaramar nan da ake bayarwa a wurin awo.

Na biyu, ki san kwanakinki. Ƙwai yakan fito ne kimanin kwana 14 kafin zuwan al'ada ta gaba, kuma ba ya wuce kwana ɗaya da rai, shi kuwa maniyyi yana iya kai kwana biyar a jikin mace. Don haka kwanakin ɗaukar ciki shida ne kacal a wata: biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa. Wannan lissafi yana da muhimmanci ga wadda maigidanta matafiyi ne, da kuma mai abokan zama. Idan ku huɗu ne ana kwana bibbiyu, za ki yi kwana shida ba ki da girki, kuma suna iya faɗawa daidai kan kwanakin da kike buƙata. Babu laifi ki nemi musayar kwana da abokiyar zamanki cikin mutunci, in ta yarda kuma maigida ya amince. Ai Nana Sauda, Allah ya ƙara mata yarda, kyautar kwananta ma ta yi wa Nana A'isha.

Na uku, kada ki yi dogon jira. Ƙa'idar likitoci ita ce, mace 'yar ƙasa da 35 ta jira shekara guda kafin a fara bincike, mai 35 zuwa sama wata shida kawai, mai 40 kuwa ta je tun daga farko. Idan al'adarki tana rikicewa, ko tana zuwa da matsanancin ciwon mara, ko kin taɓa fama da ciwon sanyi, kada ma ki jira wata shidan. A ƙasashenmu na Afirka toshewar bututun mahaifa sakamakon ciwon sanyin da ba a magance ba yana cikin manyan dalilan rashin haihuwa, kuma wannan babu ruwansa da shekaru. A nan ne za mu ja kunnenki game da matsi da cushe-cushen da ba a san abin da aka haɗa a ciki ba, da sayen ƙwayar sa ƙwai a kemis ba tare da likita ya rubuta ba. Shekara biyu ko uku da za ki ɓata kina yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, su ne shekarun da suka fi tsada a wurinki.

Na huɗu, ku tafi tare da maigida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da ita, akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajin namiji kuwa shi ya fi sauƙi da araha. Ko da yana da 'ya'ya da wata, shekaru da ciwon suga da shan taba suna iya canza al'amura. Ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki yi masa maganar da taushin murya, ki nuna masa cewa neman na ku biyu ne.

Idan an gwada magani bai yi ba, akwai hanyar haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan a mayar cikin mahaifarta. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ingila a 1978, kuma ana yin aikin a Abuja da Legas. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta shi idan akwai buƙata, da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, a mahaifarta kuma za a sa. Ba a yarda da shigowar wani na uku ba. Amma aiki ne mai cin kuɗi sosai, nasararsa ma tana raguwa da shekaru, don haka ba dalili ba ne na jinkiri.

Idan Allah ya kawo rabo, ki fara awo tun kafin ciki ya cika mako 12. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau takwas. Ki haihu a asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata, kada a ce miki jarumta ce haihuwar fari a gida.

Tambayoyin da ke kaɗai za ki amsa

Bayan maganar likita, akwai ta zuciya. Idan kika haihu a 36, za ki kai 56 lokacin da yaron zai cika 20. Ki tambayi kanki game da lafiyarki, da abin hannunku, da wanda zai kama miki reno. Amma kuma ki tuna kina da abin da yarinya 'yar 17 ba ta da shi: hankali ya zauna, kin san rayuwa, wataƙila kina da sana'arki, kin kuma yi renon ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa.

Ga wadda ba ta yi auren ba tukuna, kada tsoron shekaru ya tura ki gidan wanda kika san ba shi da addini ko hali, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai idan mutumin kirki ya fito, kada a tsaya jan lokaci saboda lefe da kayan ɗaki. Ki yi istihara, ki yi shawara da manya, a ɗaura.

Tarihinmu ma abin ƙarfafa gwiwa ne. A ruwayar da ta fi shahara, Nana Khadija tana da shekara 40 ta auri Manzon Allah (SAW), kuma ta haifa masa Alƙasim, Zainab, Ruƙayya, Ummu Kulsum, Faɗima da Abdullahi. Annabi Ibrahim da Annabi Zakariyya (AS) sun samu Ishaƙa da Yahaya bayan matansu sun tsufa. Ita kuwa Nana A'isha ba ta taɓa haihuwa ba, amma hakan bai rage mata daraja ba, Uwar Muminai ce, kuma malamar al'umma. Idan kin yi iya ƙoƙarinki Allah bai nufa ba, ba ki gaza ba, ga marayu nan a dangi masu neman uwa.

Ku kuma iyaye da surukai da dangin miji, ku ji tsoron Allah ku daina gori. Kalmar juya da habaicin ranar suna ba su taɓa sa kowa ɗaukar ciki ba, sai dai su sa ta ɓoye damuwarta har lokaci ya tafi. Mai son ta da gaskiya ta raka ta asibiti, ta kuma sa ta a addu'a.

Allah ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana waɗanda ya ba mu a kan tafarkin Musulunci. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.